Hamajoɗa Ya Auna Fim da Kamu

Ranar bikin samun 'yancin kai, motar majigi ta zo Jimeta da magariba. Iska ta taso, aka nemi wanda zai riƙe sandar da ke tokare da farin ƙyallen da ake haska hoto a kai. Hamajoɗa ne ya fi kusa. Ya rungume sandar har aka tashi, yana bayan ƙyalle, bai ga komai ba sai inuwa. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce yana harkar fim.

Shekara goma da 'yan kai bayan haka, lokacin da Yola ke karɓar umarni daga Maiduguri, Hamajoɗa na nan cikin harkar. Yana zaune a ɗakin zauren yayarsa Adda Asta a unguwar Luggere, yana cin tuwonta safe da yamma. Kullum kwanonsa kan iso a rufe da sabon faifai, domin Adda ba ta wasa da tsabta.

Adda Asta 'yar cikin garin Yola ce, aure ya kawo ta Jimeta, mijin ya rasu ya bar mata gidan. Ba a taɓa jin muryarta daga zaure ba. Ba ta faɗa, ba ta zagi. Idan ranta ya ɓaci da mutum, gaisuwa take tsawaita masa. Ta taɓa gaishe da wani mai itace da ya cuce ta, ta tambayi iyalinsa da jakinsa da hanyar da ya biyo, har mutumin ya sauke wani dami ya tafi bai waiwaya ba.

A wannan shekarar ne tsohon mai fassarar majigi ya ajiye aiki. Finafinan gwamnati da Turanci suke zuwa, sai a rage muryarsu, wani ya riƙe makirufo yana gaya wa jama'a abin da suke gani. Aiki ne mai albashi da kaki da yawon ƙauyuka a gaban mota. Aka ce wani jami'i zai zo daga Maiduguri ya gwada masu nema. Adda, wadda ba ta roƙon kowa komai, ta yafa mayafi ta je gidan Apollos, maƙwabcinsu mai tuƙa motar majigin kuma mai kunna injin, ta roƙe shi a sa sunan ƙanenta. Aka sa.

Hamajoɗa ya ce shi ba zai tsaya cikin layi yana cewa wannan saniya ce, wancan taki ne ba. Cikakken fim zai gabatar, mai sarauniya da yaƙi da biki, kuma shi zai rubuta shi.

Malama Keturah, wadda ke koyarwa a firamare kuma take haya a gidan da ke kallon nasu, ta tambaye shi da wace na'ura zai ɗauki hoton.

"Nan ne Turawa suka ɓata, Malama," in ji shi. "Sai su rubuta labari, sannan su shiga wahalar neman hoton da zai dace da shi. Wa ke ɗinka riga kafin ya ga mai sawa? Ni hoto zan fara samu, in ɗinka masa labari."

Ta ce ai ko tela yakan auna mutum. Ya ce shi ma aunawar zai yi.

Ya matsa wa Apollos har ya ɗauko masa wani tsohon naɗin fim daga ƙuryar sito, cikin gwangwani mai tsatsa wanda gara ta cinye takardar jikinsa tun zamanin Turawa. Apollos bai san abin da ke ciki ba. Ya ce in Hamajoɗa na so, zai nemi izini a kunna inji sau ɗaya su gani.

"Kallo aikin 'yan kallo ne," in ji Hamajoɗa. "Marubuci in ya kalla, tunaninsa ya gurɓace."

"Hamajoɗa, wannan abu yana gudu fa," in ji Apollos.

Hamajoɗa ya ce ya san gudun fim tun Apollos na tallan rake.

Washegari ya warware zaren fim ɗin a tsakar gidan Adda. Ya rataya shi a igiyar shanya, ya zagaya da shi bishiyar mangwaro, ya ratsa ta bakin madafa, har sai da Adda ta riƙa sunkuyawa kafin ta kai ga murhunta. Kowane hoto bai fi farcen yatsa girma ba, idon Hamajoɗa kuwa tun yana saurayi ba ya rarrabe akuya da tunkiya daga nesa. Yana da tabarau, amma na ado ne. Sai ya ɗaga zaren sama saitin rana, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana jinjina kai.

Ya ga wata mace mai faffaɗan mayafi da ƙaton ɗaurin ɗankwali mai tulu biyu. Ya ce sarauniya ce. Ya ga wani ƙato yana gudu riƙe da ɗamararsa. Ya ce sarkin yaƙi ne. Ya ga mutane na haƙa rami, ya ce ganuwa ce. Can wajen ƙarshe ya ga wani mai gajeren wando yana fesa wa sarauniya wani abu, ya ce ango ne da turaren biki. Kafin azahar labari ya haɗu.

Saura awo. Ya shimfiɗa zaren daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsa, ya yanke hukunci cewa kowane kamu zai ɗauki magana ɗaya cikakkiya, har da karin magana in ta samu wuri. Inda sarauniya ta kai kamu goma, ya rubuta mata jawabi. Keturah ta leƙo ta tambaye shi ko ya san tsawon lokacin da kamu ɗaya ke ɗauka a cikin inji. Ya ce kamu kamu ne, ko a kasuwa ko a inji, sai dai in makarantarsu ta sauya shi.

Yana cikin wannan bayani akuyar Adda ta samu ɓangaren da ya sauko kusa da turmi. Kafin a kore ta ta tauna abin da ya kai gaba guda. Hamajoɗa ya dubi ɓarnar, ya ce dama wurin ya yi tsawo, yana da niyyar rage shi. Ya ɗauki bakin nan biyu ya kai wa tela a bakin kasuwa. Telan ya ce shi bai taɓa ɗinka irin wannan yadi ba. Hamajoɗa ya ce to yau ya shiga tarihi. Aka yi masa ɗinki biyu da baƙin zare don ƙarfi.

Sai neman masu murya. Sarkin yaƙi bai ba da wahala ba. Ɗanburam mahauci, wanda in ya yi tallan nama a kasuwa ake jin sa a bakin kogi, ya amince nan take, da sharaɗin a faɗi sunansa da inda teburinsa yake. Ango kuwa Hamajoɗa ya ajiye wa kansa. Keturah ta ce ita ta fi ƙwarewa a zaman benci.

Sarauniya ce ta ɗauki kwanaki. Adda ta ce ita ba ta magana a gaban maza. Ya ce ba wanda zai gan ta, a gefen mota za ta zauna, ta juya wa jama'a da ƙyallen baya. Ta ce a nemi wata. Ya ce ya duba Jimeta kaf, daga Luggere har bakin kogi, bai ga macen da muryarta ta dace da wannan mayafi ba sai ita, kuma in babu sarauniya babu fim, in babu fim babu aiki. Adda ta dubi ɗakin zaure, wanda ta daɗe tana son ta sa injin markaɗe a ciki. Daga baya ta tambayi abin da sarauniyar za ta fara faɗa. Ya karanta mata: "Ku ɗaura ɗamara, ya ku mutanena."

"Haka kawai? Ba gaisuwa?" in ji Adda. "Wace irin tarbiyya aka yi mata?"

Ya ce a fim ba a gaisuwa. Ta ce to a fim za a nemo mai yi. Dole ya ƙara gaisuwa, ya ce zai matse ta cikin kamu biyu.

Suka yi gwaji a tsakar gida. Hamajoɗa ya riƙe zaren yana jan sa ta tsakanin yatsunsa a hankali, kamar mai jan carbi, Adda da Ɗanburam suna faɗin abin da suka haddace. Komai ya zauna daidai. In magana ta yi tsawo, sai ya rage jan zaren. Apollos da ya tsaya kallo ya buɗe baki zai yi magana, Hamajoɗa ya ce masa in ana gwaji direbobi ba sa sa baki.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka yi shela a kasuwar Jimeta, ya hau keke ya je cikin Yola ya gaya wa dangi, ya shiga kwalekwale ya haye Vinikilang. Ko'ina ya faɗi cewa sarkin yaƙi Ɗanburam ne, sarauniya kuma Adda Asta ce da kanta. Ya manta ya gaya wa Adda cewa ya faɗa. Ya kuma karɓo kaki a wurin telan nan, ya sa an ɗinka masa aljihu huɗu, domin kada aiki ya zo ya same shi ba shiri.

Jami'in ya iso ranar Alhamis. Babarbare ne, dogo, mai fara'a. Da aka gabatar masa da Hamajoɗa cikin sabon kaki, ya dube shi sama da ƙasa.

"Bafillace da kaki tun ba a ɗauke shi ba? Wa ka bar wa shanun?"

"Na bar wa Barebari, ranka ya daɗe," in ji Hamajoɗa. "Dama bayinmu ne."

Jami'in ya yi dariya, ya ce za a gani. Masu nema biyu suka fara, kowa ya yi nasa a kan wani gajeren fim na takin zamani. Na biyun, wani Nicodemus daga Vinikilang, in an nuna buhu sai ya ce buhu ne, in an nuna gona ya ce gona ce. Hamajoɗa ya yi hamma da ƙarfi don a ji.

Filin makarantar firamare, inda za a nuna fim ɗin Hamajoɗa, ya cika bayan magariba. Dattawan Yola da suka zo don Adda suna kan tabarmi a gaba, kusa da kujerar jami'in. Mata na gefe, Keturah na kan bencinta. Hamajoɗa ya zaunar da Adda da Ɗanburam a gefen mota, bayansu ga ƙyalle, ya ce kada wanda ya waiwaya, hoto na raba hankalin mai murya. Apollos ya ɗora naɗin, ya ga ɗinkin tela, ya dubi sama kamar mai neman agaji, ya kunna.

Rubutun Turanci ya fito ya wuce. Keturah ta karanta shi. Ta sa gefen mayafinta ta rufe baki, ba ta sake buɗewa ba.

Sai sarauniya ta bayyana. Ƙuda ne. An ɗauko shi kusa ƙwarai, ya cika ƙyallen, ya kai girman bijimi. Mayafin fukafukai ne, ɗaurin ɗankwalin kuma idanu. Hamajoɗa ya ce wa Apollos hoton bai fito sosai ba, ya gyara. Apollos ya murɗa, gashin ƙafafun ya fito ɗaya bayan ɗaya.

Adda ba ta san komai ba. Aka miƙa mata makirufo, ta fara.

"Ina wuninku, mutanen ƙasata."

Ƙudan ya haɗa ƙafafunsa na gaba yana murzawa, cikin ladabi.

Jama'a suka dubi juna. Amma gaisuwa gaisuwa ce, kuma dattawan Yola ba su saba barin ta a ƙasa ba. Wani mai farin gemu ya gyara zama ya ce, "Lafiya lau." Sauran suka bi shi.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji tabarmar gaba baki ɗaya.

"Yaya iyali? Yaya yara? Yaya muka ji da ruwa?"

Daga can baya, wajen samari, aka fara jin wani sauti kamar ana shaƙe kaza. Gaisuwar da aka ware wa kamu biyu ba ta kai rabi ba, inji ya riga ya cinye jawabin sarauniya duka. Ƙudan ya tashi, ya sauka a kan juji, ya yi abin da ya kai shi, ya sake tashi. Hamajoɗa ya ga zaren na wucewa kamar ruwan Binuwai a watan Agusta. Ya raɗa wa Adda ta tsallake, ta je wurin da sarauniya ke rangadin ƙasarta.

"Duk inda na sa ƙafata," in ji Adda cikin natsuwa, "albarka ta sauka."

Ƙudan ya sauka a kan tsokar nama, a teburin wani mahauci, ya yi tattaki daga wannan gefe zuwa wancan. Wata mata ta ce teburin ya yi kama da wanda ta sani. Aka ce mata ai an faɗi inda yake a shela.

Yanzu dariya ta daina ɓuya. Ɗanburam ya ji ta, ya ɗauka ta jin daɗi ce, ya ƙagu a zo kansa. Hamajoɗa ya hango ƙaton nan ya fito, ya dunguri Ɗanburam, ko Allah zai sa yaƙi ya ceci abin da ya saura.

"Ku ba ni hanya!" Muryar Ɗanburam ta girgiza lasifika. "Yau ba mai tsayar da ni. Na yi alkawari, kuma lokaci ya yi."

Mutumin da ke kan ƙyalle ya ci naman ɗazu. Ba ɗamara ya riƙe ba, cikinsa ne. Ya ruga a duƙe, ya yar da hula, ya faɗa bayan wani kurmi.

"Duk wanda ya isa, ya biyo ni," in ji Ɗanburam.

Ba wanda ya bi shi. Jami'in ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Ganuwa ta zo ta wuce, kowa ya ga masai ne ake haƙawa, har da murfinsa. Ɗanburam na ta rantsuwa cewa a bakin wannan rami zai kwana har sai ya ga bayan maƙiya.

Mai hankali da a nan ya ce a kashe inji. Hamajoɗa kuwa ya tuna cewa bikin ne ya fi kyau a duk rubutunsa, kuma abin takaici ne a tashi ba a ji shi ba. Ango ya fito, duba-gari ne da famfon feshi. Hamajoɗa ya karɓi makirufo ya sanar da cewa ya zo da turaren da ba a taɓa fesa wa wata mace ba, ya mayar wa Adda.

"Wannan ƙamshi," in ji Adda, "har abada ba zan manta da shi ba."

Ƙudan ya yi juyi biyu ya faɗi rigingine, ƙafafu a sama.

Daidai nan ɗinkin tela ya iso. Inji ya yi ƙara, ya cije. Hoton ya tsaya cak. Dariyar da ta cika filin ta sa Adda ta yi abin da aka hana ta, ta waiwaya. Ta ga sarauniyar a kwance. Ta daɗe tana kallo, har wani baƙin tabo ya fito a tsakiyar cikin ƙudan, ya faɗaɗa, ya cinye shi, ƙyallen ya koma fari. Wani yaro daga nesa ya ce Allah ya jiƙan Adda Asta, uwarsa ta make shi.

Makirufo na hannun Adda, kuma ba a kashe shi ba.

"Hamajoɗa," in ji ta, a hankali, duk Jimeta na ji. "Sannu da aiki."

"Yauwa, Adda."

"Ina gajiya? Yaya ƙoƙari? Yaya idon naka? Yaya ka ji da zirga-zirga, har cikin Yola, har hayin kogi?"

Waɗanda suka san ta suka fara naɗe tabarminsu. Sai da ta tambayi lafiyar kekensa da ta telansa, sannan ta ajiye makirufo a kan kujera, ta gyara mayafi, ta bi ta tsakiyar jama'a ta tafi gida. Aka buɗe mata hanya.

Ɗanburam bai iya irin wannan gaisuwa ba. Da aka gaya masa abin da sarkin yaƙi ya je yi bayan kurmi, da kuma naman wa aka ce ya ci, sai da mutum huɗu suka riƙe shi. Hamajoɗa ya koma bayan kujerar jami'in yana bayani cewa rubutun ba shi da laifi, injin ne ya cika gaggawa, kuma a ƙasashen da suka ci gaba inji ke jiran marubuci.

Jami'in ya share hawaye, ya juya ga dattijon nan mai farin gemu, ya tambaye shi abin da ya koya daga fim ɗin.

Dattijon ya yi tunani. Ya ce shi dai bai taɓa sanin ƙuda na da tarbiyya haka ba.

"Ka ji," in ji jami'in ga Hamajoɗa. "Wannan zan rubuta in kai Maiduguri? An kashe kuɗi a koya wa mutane su rufe abinci, kai ka sa suna amsa masa gaisuwa." Ya ce aikin na Nicodemus ne, wanda in ya ga buhu yakan ce buhu ne. Amma don kada kakin ya tafi a banza, an gaya masa Hamajoɗa na da ƙwarewa a riƙon sanda, kuma damina na da iska.

Da safe Hamajoɗa ya zauna a ƙofar zaure yana gaya wa masu wucewa cewa an yi masa tayi ya ƙi, domin jihar ba ta kai matsayin irin aikinsa ba tukuna. Masu wucewar suka yi ta gaishe shi, suna tambayar lafiyar amarya. Keturah ta fito za ta makaranta, ta ce ta ji an ce kamu ya yi tsada a kasuwa. Ɗanburam kuwa an ga ya sayi yadin gidan sauro ya lulluɓe teburinsa, yana sayar da nama ba talla.

Hantsi ya yi, abinci bai fito ba. Hamajoɗa ya yi gyaran murya sau da yawa. Can Adda ta fito da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ajiye kwanon a gabansa. Tuwo ne da miyar kuka, da man shanu a kai kamar kullum. Faifai ne kawai babu. Kafin ya wanke hannu baƙi uku sun sauka a bakin kwanon suna murza ƙafafu.

Ya ɗaga hannu zai kore su.

"A'a," in ji Adda. "Bari manya su fara."